Talla ta ƙwace mini Chrome, ko baya ba na iya komawa

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini. Shekaranjiya ina neman hoton ɗinkin atamfa da zan nuna wa wata kwastoma, sai shafin ya tsallaka wani wuri da kansa. Wayar ta hau karkarwa, jan rubutu ya fito wai ƙwayoyin cuta sun cinye batirina, ga agogo yana ƙirga sakanni. Na danna baya ya fi sau goma, shafin na nan daram. Cikin ruɗewa na danna "Allow". Tun daga ranar tallan caca da hotunan banza ke faɗowa a saman wayar, har da asuba. Jiya ɗaya ya fito surukata na zaune kusa da ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wayar ce ta lalace?

Ɗan Farm Centre:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wayarki lafiya lau take. Shafin intanet ba ya iya duba cikin waya balle ya ga cuta. Karkarwar da agogon duk barazana ce don ki yi sauri ki danna. Wannan "Allow" ɗin kuwa izini kika ba su na turo miki saƙo, kamar kin miƙa wa baƙo makullin zaure. Buɗe Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Site settings, sai Notifications. Duk sunan shafin da ba ki sani ba, toshe shi. A nan wajen akwai Pop-ups and redirects, ki tabbata a rufe yake.

Malam Sani:
Ni dai filashin na yi wa tawa, na huta.

Ɗan Farm Centre:
Haba Malam, don ƙuda a ƙona rumbu? Hotunan ɗinkinta fa? Hajiya, in talla ta ci gaba da fitowa bayan kin toshe shafukan, to wataƙila manhaja ce. Duba jerin manhajojin wayar, musamman wadda ba ta da suna ko hoto, ki cire ta.

Maman Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Shafuka bakwai na tarar, ni da na san ɗaya kawai na danna. Hanifa ta ce wai ba ita ba ce.