Neman shawara: shatar mota daga filin jirgin Accra zuwa Elmina, da tsofaffi zan yi tafiyar

Ɗan Gumel

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ya hidima ya iyali. Don Allah shawara nake nema a wajen duk wanda ya san Ghana. Ƙanwata ce ta gama digiri na biyu a jami'ar Cape Coast, wata mai kamawa za a yi bikin yaye su, to Baba ya ce shi fa sai ya je ya gani da idonsa, Inna ma ta ce ƙafarta ƙafarsa, ni kuma aka ɗora min rakiya. Daga ƙauyenmu nan gefen Gumel zamu shiga Kano mu hau jirgi zuwa Legas, daga can sai Accra, kuma tikitin da na samu jirgin zai sauka wajen ƙarfe biyar na yamma ranar Juma'a. Ita ƙanwar tawa ta kama mana ɗaki a wani otal na bakin teku a Elmina don ta ce cikin Cape Coast duk ya cika a satin, kuma ba zata samu zuwa taryarmu ba saboda hidimar makaranta.

To maganar mota ce ta tsaya min a rai. Otal ɗin sun ce zasu iya turo direba ya ɗauke mu amma kuɗin da suka faɗa da dala ne kuma wallahi da nauyi, na kuma ga wani kamfani a intanet da hotunan motoci masu kyau, nasu yafi sauƙi sosai amma sun ce sai na biya duka yanzu da kati. Baba ya haura saba'in ga ciwon gwiwa ga suga, Inna kuma ko filin jirgi bata taɓa shiga ba, bana so in kai su ƙasar mutane mu tsaya muna raba ido da jakunkuna a hannu. Wanne zan ɗauka? Kuma tafiyar awa nawa ce tsakani da Allah?

Mai Goro na Ringim

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, Allah ya kai ku lafiya. Na zauna a Accra shekaru ina harkar goro, hanyar nan na santa.

Kafin maganar wace mota, fara duba lokacin tukuna. Ghana suna bayanmu da awa ɗaya, biyar ɗin da ke kan tikitinka biyar ɗinsu ce, a jikin Baba kuwa shida ta yi, ga shi tun asuba ko ma tun jiya yake kan hanya. Kafin a buga muku fasfo ku ɗauki kaya ku fito shida ta wuce, kuma can wajen shidan nan rana take faɗuwa kusan duk shekara, ba irin namu da magariba ke kaiwa bakwai wani lokaci ba. Kenan a duhu zaku fara tafiyar. Daga Accra zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, Elmina kuma tana gaba da kamar kilomita 12, in hanya a buɗe take awa uku ne, amma yammacin Juma'a hanyar ba a buɗe take ba. Daga Mallam Junction ka bi Weija har ka fita Kasoa, wannan ɗan tsakanin kaɗai zai iya cinye muku awa biyu kuna zaune mota bata motsi sai masu tallar ruwa da soyayyar ayaba suna zagaye ku, saboda duk ma'aikatan Accra da ke kwana a Kasoa lokacin suke komawa, ga masu fita garuruwansu don jana'izar Asabar, su can jana'iza babban taro ne da ake shirya wa tun da wuri. In kun wuce nan sai mahaɗar Winneba, sai Mankessim, sai Cape Coast, kuma wurare da yawa titin falle ɗaya ne kuna gaba da gaba da manyan motocin da ke zuwa Takoradi da kan iyakar Kwaddibuwa. Ni dai ba zan sa dattijo mai suga a wannan hanyar da daddare ba ko da kyauta aka bani motar.

Shawarata ku kwana a Accra. Unguwannin Nima da Mamobi da Kanda duk kusa da filin jirgin suke, Hausa zaka ji ana yi a titi, ga abincin da Inna zata iya ci ba tare da ta tambayi me aka sa a ciki ba, ga babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 in Baba yana so ya gani. Da an idar da asuba direba ya zo ku kama hanya, kafin goma insha Allah kuna Elmina.

Motar kuma ta otal nake ganin ka ɗauka. Ba wai don tafi kyau ba, a'a, don akwai wanda zaka riƙe. Otal yana da gini yana da manaja, ƙanwarka tana iya taka ƙafa ta je ta ga direban ido da ido, kuma sun san kwana zaku yi a wajensu ba zasu so ku fara da rigima ba.

Ɗalibi daga Kazaure

Slm. Yaya gaskiya ni ina ganin kuɗin nan yayi yawa ne kawai, akwai Bolt da Uber da Yango a Accra suna aiki lafiya lau, ko kuma ku shiga bas ɗin STC ko motocin tashar Kaneshie masu zuwa Cape Coast, da yawa akwai AC kuma kuɗin bai kai ko kusa ba. Abin da kuka rage sai ku yi wa Anti siyayya dashi.

Direba Bahaɗeje

Ƙanena na Kazaure, maganarka daidai ce ga matashi mai jaka ɗaya a baya, amma ba da mai ciwon gwiwa ba. Daga filin jirgi sai sun nemi mota zuwa tasha, su jira ta cika, a Cape Coast su sake neman wata zuwa Elmina, hawa uku sauka uku kenan da kaya. Su kuma na manhaja a cikin gari suke da daɗi, in tafiya mai nisa ce wani direban yana ganin inda zaka sai ya kira ka ya ce a kashe a yi ciniki a baki, kaga an koma gidan jiya kuma a lokacin kai ne a matse.

Malam Ɗan Gumel, ni sana'ata kenan, shata nake ɗauka daga Haɗeja zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano da su Abuja, Ghana ban da ita a lissafina amma aikin mota duk ɗaya ne. Kuɗin da kake gani yayi yawa, ka tuna motar daga Elmina zata taso babu kowa a ciki, man zuwa da na dawowa duk a kanka yake, ga jira. Wanda ya karya maka farashi sosai to akwai inda zai fanshe, ko ya turo ƙaramar mota ba wadda ka gani a hoto ba, ko a haɗa ku da wasu fasinjoji, ko kuna tsakiyar hanya a ce kuɗin kaya daban. Wani maƙwabcina da ya kai mahaifiyarsa asibiti a wata ƙasa haka aka yi masa, ya biya duka ta intanet, ya sauka ba kowa, lambar da suka bashi tana ta ringin ba a ɗauka, sai da ya sake biyan wata motar.

Ko wa zaka ɗauka, ka sa su rubuto maka a WhatsApp ba a baki ba: sunan direba da hotonsa da lambar wayarsa, irin motar da lambarta, kuɗin gaba ɗaya da cewa mai da kuɗin fakin na filin jirgi suna ciki, sannan in jirgi yayi latti awa nawa zai jira kafin a fara ƙara maka kuɗi. Wannan na ƙarshen kar ka yi wasa dashi, jiragenmu ka sansu, in na Kano ya makara na Legas ya tafi ya barku to komai ya rushe, don haka ka basu lambar jirgin ba lokacin sauka kawai ba, direban kirki da ita yake duba ko kun taso. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, cikon sai kun sauka a ƙofar otal. Wanda ya ce lallai sai duka tun yanzu ni dai ban yarda dashi ba.

In kun fito kuma kar ka bi duk wanda ya tare ka yana oga taxi oga taxi, kuma kar kai ka fara faɗin sunanka, ka bari shi ya faɗa ko ka gani a rubuce a takardar da ya ɗaga, ka zagaya ka duba lambar motar da idonka kafin a sa jaka a but.

Maman Hanifa, Dambatta

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren su Baba da Inna zan yi magana. Katin rigakafin ciwon shawara, yalo kad ɗin nan, Ghana suna tambayarsa a filin jirgi, biza ce dai ba a nema tunda ECOWAS ce. In basu taɓa yi ba sai allurar ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki, kuma wanda ya kai shekara 60 ba a yi masa kai tsaye sai likita ya duba shi tukuna, don haka satin nan ya kamata ka kai su ba sai tafiya ta matso ba. In sun taɓa yi kuwa sau ɗaya ya wadatar har ƙarshen rayuwa, katin kawai zaka nemo.

Maganin suga da na gwiwa su zauna a ƙaramar jakar hannunka ba cikin akwatin da za a auna ba, da ɗan dabino ko biskit da ruwa, don cunkoson da Alhaji Mai Goro ya faɗa in ya riƙe ku mai suga ba zai iya jiran sai an isa ba. Ka gaya wa kamfanin jirgin tun yanzu kana son keken tura marasa lafiya, a Legas ɓangaren jiragen cikin gida daban na ƙasashen waje daban, akwai tafiya tsakani. Motar kuma ka ce musu irin Siyana ko ƙaramar bas mai ƙofar ja, jif mai tudu wahalar hawa zata bashi, ƙaramar mota kuma ba inda zai miƙe ƙafa. Ka faɗa wa direba tun kafin ku tashi cewa za a tsaya a gidan mai mai banɗaki mai tsafta, domin iyayenmu mata kunya bata barinsu su ce a tsaya, Inna zata iya daurewa tun daga Accra har Elmina bata ce uffan ba, kai zaka lura.

Sannan tekun can ba irin kogin Haɗeja bane, igiyarsa tana da ƙarfi tana janye mutum, su tsaya daga kan yashi su sha kallo ya isa.

Ɗan Gumel

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya jiƙan magabata. Baba Alhaji na karanta wa Baba saƙonka, da yaji maganar goro sai ya ce kakansa ma fatauci yake zuwa Gwanja da jakuna, yanzu ma ɗokin tafiyar ya ƙaru. Na kira otal ɗin, sun yarda direba ya same mu a masauki a Accra da asubar Asabar, bikin dama sai Litinin, kuma sun rage wani abu tunda babu jiran jirgi. Ƙanwata zata je gobe ta ga motar. Hajiya Maman Hanifa jibi zan kai su Kano maganar katin. Saura abu biyu, da wane kuɗi zan biya direban, dala ko nasu? Sannan daga filin jirgi zuwa masaukin Accra fa?

Mai Goro na Ringim

Madalla, ka gaida min Baba, ka ce masa Salaga, garin fataucin goro na ƙasar Gwanja, can arewa take nesa da inda zaku, amma jikokin fataken nan zai same su a zangon Cape Coast ma, ya yi hira da Hausa son ransa.

Kuɗi ka sa su faɗa maka da sidi, kuɗin Ghana, a rubuce, don babban bankin Ghana ya sha fitar da sanarwar hana sa farashi da dala ba tare da izini ba, kuma in da dala kuka yi ciniki ranar biya sai an yi ta jayayya a kan nawa za a lissafa ta. Ka sayi dalarka a Wapa kafin ku taso, sababbi marasa yagewa, a filin jirgi ka canza kaɗan na abinci da ruwa, sauran a wajen 'yan canji masu ofis a cikin gari. Kafin alƙalamin kuma ƙanwarka ta tura musu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, daga layinta su bata rasit, can kowa dashi yake harka. Katinka na banki ka tambaya tukuna ko yana aiki a waje, kar ka dogara dashi kaɗai.

Na cikin Accra ba abin damuwa bane, tafiyar mintuna ce, ka nemi masaukin da ke ɗauko baƙinsa daga filin jirgi, ko a nan ka yi amfani da Bolt ɗin da yaron Kazaure ya faɗa, in kuma tasi ce zaka gane ta da lamba ruwan ɗorawa da fentin ruwan ɗorawa a kusurwoyinta huɗu, ku gama ciniki kafin ku shiga. Ka sa romin a layinka tun daga gida don kira ya shiga da kun sauka.

In direban ya yi muku kirki ku riƙe shi har na komawa, ku yi cinikin lokaci ɗaya yafi sauƙi, kuma ranar komawar ma kar ku yarda ku taso daga Elmina a ranar jirgin sai dai in na dare ne. Zai iya kai ku gidan tarihin Elmina wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa, wajen yana da matakala da yawa, Baba ya tsaya a tsakar gidan da ɗakunan ƙasa kar ya ce sai ya hau sama. Gadar igiya ta dajin Kakum kuwa ku bar wa ƙanwarka da ƙawayenta. In ka samu lambar motar ka tura wa wani a gida shima ya ajiye.