Kunnena ya hana ni wuce mita 8 a nutso, ina mafita?

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata uku ina aiki a Dakar, kuma tun bara nake bin wani maƙwabcina ɗan ƙabilar Lebu zuwa Ngor ranar Lahadi, muna harbin kifi da bindigar mashi, ba tulun iska. Shi da ya kifa kai sai ya ɓace, ya je mita 15 ya laɓe bayan dutse yana dakon kifin nan da suke kira cof. Ni kuwa ina kaiwa mita 7 ko 8 sai kunnen hagu ya ɗaure kamar ana soka tsinke. In toshe hanci in yi ta busawa har jijiyar wuya ta tashi, shiru. A kan gado ina riƙe numfashi minti biyu da rabi, a ruwa ko daƙiƙa 40 ba na kaiwa. Wani ya ce in riƙa jan numfashi da sauri kamar sau 20 kafin in nutse. Na gwada, na kuma ji sauƙi. In ci gaba?

Basarken Yauri:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, don girman Allah ka daina wannan jan numfashin daga yau. Abin da ke sa ka ji ƙirjinka na neman iska taruwar iskar kabon ce a jini. In ka yi ta haki kafin nutso ka zubar da ita, oksijin kuwa bai ƙaru da wani abin kirki ba. Sai ya ƙare jiki bai gaya maka ba, ka suma. Ni ya taɓa faruwa da ni. Ina tasowa, ina ganin hasken rana a saman ruwa, daga nan ban san komai ba sai farkawa na yi abokina ya tallafo haɓata yana kiran sunana. Ban ji zafi ba, ban ji tsoro ba, shi ya sa abin yake kisa. Yawanci a mitocin ƙarshe ko bayan an fito yake kama mutum. Ku riƙa yi ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kuma na saman ya zuba wa wanda ya fito ido har daƙiƙa 30. Ka cire bututun numfashi daga baki kafin ka nutse.

Malama Mai Iyo:
Malam, kana makara wajen buɗe kunnen ne. A mita 10 nauyin da ke kanka ya ninka na sama sau biyu, iskar huhunka ta koma rabi, don haka mitocin farko su suka fi matsa dodon kunne. Ka buɗe shi tun kana sama, sannan kowace mita, kafin zafi ya zo. In ya ƙi, ka juyo. Kada ka matsa.

Busawa da ƙirji da ciki tana gazawa idan kai na ƙasa. Ka koyi dabarar Frenzel: toshe hanci, rufe maƙogwaro, ka tura iskar bakinka da bayan harshe kamar za ka ce "ka". Tsaya gaban madubi, hannu ɗaya a ciki. In gefen hancinka ya kumbura, maƙoshi ya motsa, ciki bai motsa ba, ka samu. Ni sai da na yi mako uku ina yi kullum kafin ta zauna. Ranar da kake mura kuwa kada ka shiga ruwa. Ka duba dalmar da kake ɗaurawa a ƙugu don ƙarin nauyi ma, a mita 10 ya kamata ka tsaya cak, ba ka nutsewa ba ka tasowa. Hutunka a sama ya kai ninki biyu ko uku na lokacin da ka yi a ƙasa.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Yaya, Allah ya ƙara kiyayewa, jikina ya yi sanyi da labarinka. Gaskiya ni da maƙwabcin nawa tare muke nutsewa, kowa ya kama gabansa, zan yi masa magana kafin Lahadi. Malama, na gwada a madubi yanzu, na dama ya yi ƙas, na hagu bai amsa ba tukuna. Dalma kilo 6 nake ɗaurawa a kan rigar roba mai kaurin milimita 3, ta yi yawa ne?