Farfelar dron (jirgi mara matuƙi): sai ta tsage ake canzawa, ko kuwa tana da wa'adi?

Mai Hoton Biki: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da ake yawo da ita cewa dole a canza farfela duk bayan tashi 200, ni ban yarda da ita ba. Farfela roba ce, ba baƙin mai ba ce da za a ce ya ƙone don an yi tafiya. In ba ta bugi komai ba, me zai sa a cire ta? Ka bi bakin fiffiken farfelar da farce daga gindi zuwa tsini. In farcen bai sarƙe ba, ka ɗan lanƙwasa shi ka haska tocila, ba ka ga tsaga ba, to tashi abinka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙirga tashi kam ba ma'auni ba ne, tunda tashin minti 5 da na minti 30 ba ɗaya ba ne. Amma Oga, cewa ido da farce sun isa, nan ne ban bi ka ba. Inda farfela ke mutuwa a gindi ne, wajen ramin sukuru ko maƙalin da ke riƙe ta da inji, kuma wurin a rufe yake. Ƙarfin da ke fizgar fiffike waje ba daidai da gudun inji yake ƙaruwa ba: in juyi ya ninka biyu, fizgar ta ninka huɗu. Duk taka birki da duk tashi da ƙarfi lanƙwasa robar suke yi a wuri ɗaya. Tsagar takan fara siririya kamar gashi a bakin rami, ba za ka gan ta ba sai ka kwance fiffiken ka juya shi. Jirgi mai inji huɗu kuma ba shi da na ajiya. Fiffike ɗaya ya fita, ƙasa zai yo, a kan duk wanda ke wurin.

Ɗan Tsere: Mu a wajen tsere ba a ƙirga komai. Farfelar inci 5 mai fiffike uku, in ta daki ƙasa ka duba gindinta. In ka ga robar ta yi fari-fari a inda ta lanƙwashe, ta gama aiki, ko da ka miƙar da ita da hannu ta koma kamar sabuwa. Farin nan shaida ce cewa robar ta ja ta wuce iyakarta. Wanda ya miƙar ya ci gaba, zai ji injinan sun ɗau zafi, domin girgizar tana shiga na'urar daidaita jirgi, ita kuma ta yi ta ba injinan umarnin gyaran da ba a buƙata.

Mai Hoton Biki: To ai ka goyi bayana ke nan ƙanena. Alama ka gani ka cire, ba kalanda ka duba ba.

Ɗan Tsere: A kan wadda ta bugu, e Yaya. Amma tamu ba ta daɗewa har ta tsufa. Taku ce ke yin shekara a jaka.

Hajiya Safiyo: Jakar nan ita ce inda nake so a tsaya. Akwai lalacewar da ba tsaga ba ce, ba ɓalgacewa ba, kuma farce ba zai taɓa kama ta ba: fiffike ya baje, murɗinsa ya ragu. Lambar da ke jikin farfela ma'ana gare ta. 9450 ta jirgin Phantom 4 na kamfanin DJI, faɗinta inci 9.4, murɗinta inci 5.0. 4726 ta ƙaramin jirginsu Mini 2, inci 4.7 da 2.6. Murɗin nan shi ke tura iska ƙasa. In aka naɗe jirgi aka danne fiffikensa a jaka, aka bar jakar a mota cikin rana, inda zafi ke haura digiri 60, robar za ta saki ta ɗauki siffar dannewar. Sai injin ya riƙa gudu fiye da 'yan'uwansa kafin ya ba da ɗagawa iri ɗaya. An ga haka a Mavic Mini na farko, musamman farfelun baya da ke kwanciya a ƙarƙashin jirgi, har a 2020 DJI ta sa gargaɗin gudun inji a manhajarta, mai cewa a sauka a canza farfela. Waɗannan farfelun a ido lafiyarsu ƙalau. Hanyar kama su ita ce ka ɗora tsohon fiffike a kan sabo irinsa ka kalle su ta gefe, ko ka buɗe bayanan tashi ka ga ko wani inji yana juyi fiye da sauran alhali jirgi na tsaye wuri ɗaya babu iska.

Mai Hoton Biki: Wannan na karɓa Hajiya. Amma har yanzu dubawa ce, ba wa'adi ba. Kuma ƙaramin gutsure a tsini, a goge shi da samfefa ya yi sumul, me zai hana a ci gaba?

Injiniya: Mu yi lissafinsa. A ce tsinin fiffiken Mini ya rasa giram 0.02, kusan nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya. Tsinin yana santimita 6 daga tsakiya. A ce inji na juyi 10,000 a minti. Rinjayen da wannan zai haifar ya kai nauyin giram 130, yana jijjiga hannun jirgi sau 167 a daƙiƙa ɗaya, a jirgin da duk nauyinsa bai kai giram 250 ba. Wa ke shan wannan dukan? Boris ɗin inji da robobin da ke riƙe kyamara. Shi ne za ka ga bidiyo na rawa kamar ana kallo ta cikin ruwa, layin gini ya karkace. Samfefa ƙara rage nauyin take yi. A babbar farfela guda ɗaya wadda ba a naɗewa, ana iya ɗora ta a ma'auni a liƙa ɗan salatif a ɓangaren da ya fi sauƙi. A ƙananan masu naɗewa wannan ɓata lokaci ne. Sufa gulu kuma don Allah kada ma a kawo zancensa.

Mai Feshi: Malam Mai Hoto, ka ƙara da hunturu. Tashi daga ƙasa mai rairayi, farfela da kanta take tayar da yashi ya dawo ya ci bakinta. Ba gutsure ɗaya za ka gani ba, bakin gaba ɗaya ne zai yi kaushi, ya dushe. Ƙarar jirgi ta canza, batir ya riƙa ƙarewa da wuri, mutum ya ɗora wa batir laifi. A shimfiɗa tabarma ko kwali a tashi a kai. A manyan jiragen feshi kuma akwai washa a mahaɗar fiffike, tana cinyewa. In ka riƙe tsini ka motsa shi sama da ƙasa ka ji yana ƙas-ƙas, a canza. A goge maganin feshi da jiƙaƙƙen tsumma kullum bayan aiki, in ya bushe a kai nauyi ne a gefe ɗaya.

Hajiya Safiyo: Shi ya sa nake haɗa biyun. Dubawa kafin kowane tashi, da tsayar da jirgi a mita ɗaya da rabi na rabin minti ana sauraro. Bayan sauka a taɓa injinan huɗu, wanda ya fi zafi a binciki farfelarsa. Sannan wa'adi saboda abin da ido ba ya kaiwa: mai aiki duk mako a rana da ƙura, kuma a kusa da mutane, kada saiti ɗaya ya wuce masa shekara. A rubuta ranar ɗaurawa a jikin jaka.

Mai Hoton Biki: Shekara ɗin ma daga ina? Wanda ke tashi sau ɗaya a wata, jirginsa a ɗaki cikin inuwa da abin riƙe farfela, ban ga dalilin da zai zubar da lafiyayya ba. Kuma sabuwar ba ta tabbata alheri ba, jabu sun cika kasuwa, fiffike biyu a fakiti ɗaya nauyinsu ya bambanta. Tsohuwar orijina da aka duba ta fi mini sabuwar da ban san asalinta ba.

Injiniya: A kan jabu muna tare. A kan mai ajiya a inuwa ma zan sassauta, da sharaɗin ya riƙa kwancewa yana duba ramin. Sai dai canjin kansa yana kayar da jirage in an yi shi da garaje. A Mini, fiffike biyun inji ɗaya tare ake canza su, daga fakiti ɗaya, ko da guda ne ya lalace. Mai alama a kan inji mai alama, mara alama a kan mara alama, domin biyu dama suke juyawa, biyu hagu, in aka musanya jirgin kifewa zai yi wajen tashi. A sa sababbin sukurun da suka zo a fakitin, masu ɗan maganin riƙo a zarensu. A ɗaure har ya zauna, kada a matse har fiffike ya kasa juyawa a kan sukurunsa. Bayan tashin farko a sake bin su takwas ɗin da sukudireba.