"Less is more": wai kaɗan ya fi yawa?

Hajiya Tela: Jama'a barkanmu da yamma. Wata yarinya da ke koyon ɗinki a wurina ta jefe ni da maganar Turawa, wai "less is more". Amarya ce ta kawo leshi, na jera masa duwatsu a wuya da hannu har gindin siket. Yarinyar ta ce Hajiya a cire rabi, leshin da kansa ado ne. Na cire, kuma wallahi rigar ta fi kyau. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Mu da muka taso muna jin sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ta yaya kaɗan zai fi yawa?

Malamin Turanci: Hajiya, fassarar ce ta ɗan kauce. "Less" ba kaɗan ba ce zalla, kalmar gwadawa ce: abin da bai kai wani ba. Sai a ce ragi ƙari ne. Ta fito daga "læs" ta tsohon Ingilishi, kuma ko da yake a aji muna jera "little, less, least", tushen "little" daban yake, zama ne ya haɗa su gida ɗaya. Maganar kuwa tana cikin wata waƙa da Robert Browning ya wallafa a 1855 a kan mai zane Andrea del Sarto, mutumin Italiya. Za ki so wannan: sunan nasa ma'anarsa ɗan tela. Wanda ya yayata ta shi ne Mies van der Rohe, Bajamushe mai zanen gine-gine da ya rasu a Chicago a 1969, gwanin ginin ƙarfe da gilashi marar kwalliya.

Baba Dattijo: Malam, ni ban karɓe ta ba. Maganar mai ƙoshi ce. Je ka faɗa wa magidancin da mudunsa ɗaya ya rage cewa ragi ƙari ne. Mu abin da muka sani, yawa shi kan sa zare ya ja dutse, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Malamin Turanci: Baba, gaskiyarka, ba a hatsi ko ilimi ake faɗarta ba. Muhallinta ado da gini da zance, inda mutum yana da abin a hannu ya zaɓi ya rage. Gishiri a miya ke nan. Malamanmu ma kan kawo maganar Larabawa cewa mafi alherin zance shi ne wanda ya taƙaita kuma ya isar da manufa.

'Yar Aji Shida: Malam don Allah, to "fewer" fa? An taɓa jan mini layi da jan biro don na rubuta "less people", har yau abin yana damuna.

Malamin Turanci: 'Yata, a jarrabawa ki bi ƙa'ida: "fewer" ga abin da ake ƙirgawa kamar mutane da awaki, "less" ga abin da ake aunawa kamar ruwa da gari. Amma ki sani ƙa'idar ba ta kai kalmar tsufa ba. Wani Robert Baker ne ya rubuta a 1770 cewa shi "fewer" ta fi masa daɗi a irin wannan wuri, na baya suka mai da ra'ayinsa doka. Sarki Alfred na Ingila ya yi amfani da "less" a kan abin ƙirgawa kusan shekara 900 kafin Baker. Rigimar ba ta mutu ba: a 2008 kantunan Tesco na Birtaniya sun fara sauya allon wurin biyan kuɗi mai cewa "10 items or less", wato kaya goma ko ƙasa da haka, saboda ƙorafin masu nahawu. Sannan kada ki haɗa ta da "-less" ta ƙarshen "careless". Waccan daga "leas" take, wato rashi, dangin "loose" ce.

Ɗan Zinder: Mu da muka yi Faransanci muna da "moins", daga "minus" ta Latin. Abin da ya fi taɓa ni, kalmar minista daga nan ta fito. Asalin ma'anarta ƙarami, mai hidima, kishiyar "magister" wato babba. Minti ma haka, ɗan ƙaramin yanki na awa. Kullum suna bakinmu da Hausa ba mu san ƙanƙanta suke nufi ba.

Baba Dattijo: To wannan ta minista ta shige ni, ɗana. Amma a kan maganar farko ina nan inda nake: sai mai shi ke ragewa.

Hajiya Tela: Baba, ai ni ma sai da duwatsun suka cika rigar na ga na cirewa. Sauran suna nan cikin gwangwani. Uwar amarya ta aiko da nata leshin, ta ce ita a cika mata wuya taf, kuma haka zan yi mata.