Wayar Fairphone 5 ce ta shiga raina amma ba ta da wakili a Saudiyya, in sa a taho min da ita?

Baban Hanifa, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma zancen zai ɗan yi tsawo, a yi min haƙuri.

Ni direba ne, shekara tara ke nan ina jigilar masu Umara tsakanin Makka, Jidda da Madina. Wanda ya san aikin nan ya san waya ba ta sauka daga gaban mota. Taswira a kunne, caja a soke, rana na dukanta ta gilashi tun daga Tan'im har ka shiga Madina. Cikin shekara uku waya biyu na binne, kuma ciwo ɗaya ne ya kashe su: batir ya kumbura ya ɗago bayanta kamar kwaɓin fanke. Ta ƙarshen na kai ta kasuwar waya ta Utaibiyya, aka gasa ta aka ɓamɓare gam ɗin, aka sa min wani batirin da ban san asalinsa ba. Ko wata biyar bai yi ba caji ya daina zama, kamar kana zuba ruwa a kwando.

To akwai ɗan yayata da ke karatu a Jamus. Ran nan muna hira ta kwamfutarsa ina masa wannan kukan, sai ya ce Kawu tsaya ka gani. Ya ɗauko wayarsa, ya sa farce ya ɓalle murfin baya, ya zaro batirin ya ɗaga min, sak irin Nokia ɗinmu ta da. Wallahi sai da na gyara zama. Sunanta Fairphone 5, kamfanin na ƙasar Holan ne, a Amsterdam yake. Ta fito a 2023 a kan yuro 699, wajen riyal 3,000 ke nan. Ya ce gilashi, kyamara, ramin caji, lasifika, kowanne da sukundireba ake kwance shi a ɗaura sabo, ba gam ba gashi. Garantinta shekara biyar, kuma sun yi alkawarin ci gaba da sabunta mata manhaja har 2031. Akwai ƙanwarta da ta fito a 2025, amma ita sai an kwance noti kafin a kai ga batirin, ni kuwa ta farcen nan ce ta tsaya min a rai.

Ga inda gizo ke saƙar. Na leƙa manyan shagunan kayan lantarki, na zaga kasuwar jawwal (wayar hannu), ban samu wanda ya taɓa riƙe ta ba. Wani yaro ma tambayata ya yi ko sabuwar 'yar China ce. Shi ɗan yayar tawa zai zo Umara in sun samu hutu, ya ce in turo kuɗi ya taho min da ita. Shin za ta karɓi shariharmu (sim) ta nan ta yi aiki yadda ya kamata? In ta samu matsala ina zan nufa? Maman Hanifa dai ta riga ta yanke hukunci, ta ce ba batir ne ke damuna ba, son abin da ba kowa ke da shi ba ne, wai tun a kan agogo ta gane ni.

Ɗalibin Madina

Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in taɓa ɓangaren sabis, tunda na ɗan ƙware a kai.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri ɗaya. Na farko mita, kamar dai ta rediyo: dole wayar ta iya kama mitar da hasumiyar kamfani ke magana da ita. A nan 4G yana tafiya a kan irin su 1800, 2100, 2300 da 2600, 5G kuma akasari a wajen 3500, wanda za ka ga an rubuta n78 a takardar waya. Wayar da aka ƙera don Turai tana da waɗannan, don haka ta fuskar intanet ban jin tsoro. Za ka sa shariha ka ga sabis ya kawo, WhatsApp ya buɗe, ka ce shi ke nan.

Ba shi ke nan ba ne. Na biyun shi ne kira. Akwai abin da ake ce wa VoLTE, wato muryarka ta bi ta kan 4G. Wannan ba mita kaɗai yake buƙata ba, sai an saka wa wayar saitin wannan kamfanin layin a cikinta, shi ma kamfanin ya yarda da ita. Manyan kamfanoni irin su Samsung da Apple suna zama da STC da Mobily da Zain su daidaita wannan. Ƙaramin kamfanin da ba ya sayar da ko guda ɗaya a ƙasar nan, me zai kawo shi? Kar ka ga ƙanƙanta ce kawai, Google da girmanta, masu Pixel a nan sun yi shekaru suna kukan 5G da VoLTE, saboda ba kasuwarta ba ce.

In babu VoLTE, da an kira ka wayar za ta sauka zuwa 3G ko 2G. STC kuwa ta daɗe da sanar da rufe 3G ɗinta. A kan 2G kuma, muddin kana magana intanet a tsaye yake. Ka ɗauka kana cikin Aziziyya kana neman wani otal da taswira, shugaban ayari ya kira ka, ya riƙe ka minti biyar yana lissafa maka waɗanda aka bari a Harami. Ka san sauran.

Amma Baba kai ka yi sa'a, ba sai ka yi cinikin biri a sama ba. Tunda ɗanka irinta yake riƙewa, kar ka tura ko riyal ɗaya. Ya zo da tasa, ka zare shariharka ka sa a ciki, ka kira wani, ka dubi saman gilashin: in alamar 4G ta tsaya kana magana, alhamdu lillahi, in ta ɓace ka samu amsarka. In kana son ƙarin tabbaci ka danna *#*#4636#*#*, zai buɗe maka bayanan layin. Ka gwada a gida, ka gwada cikin ramukan dutsen Makka, ka gwada a hanyar Hijira ta Makka zuwa Madina. Ka ari layin abokan aiki ka gwada kamfanoni ukun duka. Su Virgin da Jawwy a kan hasumiyar STC suke, Lebara a kan ta Mobily, Yaqoot kuma ta Zain ce.

Sai abu biyu ƙanana. Ramin sim ɗaya gare ta, na biyun eSIM ne, wato layin da ake saka wa waya ba tare da kati ba, to in kana riƙe da layin gida saboda alat ɗin banki, ɗaya daga ciki sai an mayar da shi eSIM. Sannan ana sayar da ita iri biyu, akwai mai Android na kowa da kowa, akwai wadda aka cire wa Google gaba ɗaya. Ka gargaɗe shi kar ya ɗauko ta biyun, manhajojin banki da mada Pay ta biyan kuɗi na iya ƙin ta.

Tsohon Mai Siyana (gyaran waya), Jidda

Malam Baban Hanifa, sannu da ƙoƙari. Yaron nan na Madina ya yi bayani mai kyau, Allah ya yi masa albarka. Ni nawa na ranar da ta faɗi ƙasa ne, don waya ko ta wace ƙasa ce wata rana sai ta faɗi.

Na yi shekaru ina gyaran jawwal a wajen Shara Falasɗin, har 2016 da hukuma ta ce saye da sayarwa da gyaran waya duk na 'yan ƙasa ne, muka tattara. Abin da na koya a teburin nan shi ne gyara ba hannu ba ne, kaya ne. Ka kawo min Samsung gilashi a fashe, in aiki yaro shago na uku ya karɓo, kafin ka gama shayi an ɗaura. Akwai wani bawan Allah da ya kawo min wata waya mai kyan gaske da ya sayo a tafiya, ba zan faɗi kamfanin ba. Wata bakwai tana cikin durowata ana jiran gilashi. Da ya iso kuma na wata ƙirar ne, bai shiga ba. Ƙarshe ya ce in cire masa hotunan 'ya'yansa in riƙe sauran.

Ita taka an ce kowa ma zai iya kwance ta, na yarda. To ka kwance ka ɗaura me? Kayanta a Turai suke, shagon kamfanin can yake aikawa, ba nan ba. Garantin shekara biyar ɗin ma sai wayar ta koma can. Yau ɗanka yana Jamus, in ya gama karatu ya koma Kano fa? A nan kuwa in ka sayi ta wakili, damanin, wato garantin, shekara biyu ne bisa doka, fatura (rasit) a hannunka. In suka yi maka wasa ka buga 1900, Ma'aikatar Kasuwanci. Shi ya sa ko a Amazon ko Noon nake ce wa mutane su karanta da kyau, nuskhar Sharƙul Ausaɗ ce (ta Gabas ta Tsakiya) ko nuskha dauliyya (ta ƙasashen waje), don bambancin riyal ɗari biyu da kake murna da shi, damanin ne aka cire maka.

Batun alkawarin 2031 kuma, mun ga jiya. LG da girmanta ta rufe sashen waya a 2021. BlackBerry da manyan mutane ke taƙama da ita, a Janairun 2022 aka kashe wa tsofaffin nata sabis. Akwai Essential, wadda Andy Rubin ya yi, mutumin da ya assasa Android kansa: ta fito 2017, kamfanin ya rufe 2020. Sony tana nan da ranta amma tun 2019 ta janye wayoyinta daga yankin nan. Sai dai in faɗi gaskiya kar in ci haƙƙinsu, su waɗannan 'yan Holan ɗin tun 2013 suke, kuma wayarsu ta biyu da ta fito 2015 sun yi ta sabunta ta har 2023. Ba mayaudara ba ne. Nisa ne kawai tsakaninku.

Kuma Malam, tsakani da Allah, ba waya ce ke kashe maka batir ba, kai ne. Garin da aka auna zafi ya haura digiri 51 a Hajjin 2024, ka manna waya a gilashin gaba tana caji tana taswira? Ko batirin wa ka sa sai ya kumbura. Sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin mukayyif (AC), iska mai sanyi na bugunta, kuma ka daina barinta a caja bayan ta cika. In kuma lallai sai mai batirin cirewa, Samsung na da jerin da ake kira XCover, su ma da hannu ake zare nasu. Ka fara tambayar wakilinsu tukuna.

Hajiya 'Yar Kwari

Ni dai ban san su mita ba, amma Alhaji ka yi tunanin ranar sayarwa? Ni duk wayar da zan saya sai na tambayi kaina, in na kai ta Farm Centre nawa za a taya. Wannan ko a Haraj, kasuwar gwanjo ta intanet, ka sa ta sai ka yi wa'azi kafin a gane mece ce.

Na biyu, a ƙasar nan waya ba waya ba ce kawai. Manhajojin hukuma, Absher na ciki, Nafath na ciki, Nusuk na ciki, lambar sirrin banki ta nan take shigowa. Bara tawa ta mutu ana gobe zan tashi, na ga tashin hankali, ga kaya a kargo ga kuɗin mutane ban tura ba. Awa uku aka gyara min ita, don irinta ta cika kasuwa. Da taka ce fa?

Amma ban goyi bayan Maman Hanifa ɗari bisa ɗari ba, ka gaishe min da ita. Mutum ya yi ta tuƙi dare da rana, ai ya ci a ce ya sayi abin da ransa ke so. In kana da hali ka saye ta ta zama ta biyu, ka bar ta hukuma daban. Kuma ya haɗo maka da batir biyu da gilashi ɗaya tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gaya masa batirin a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda a auna shi cikin kaya ba.

Baban Hanifa, Makka

Kai jama'a, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Siyana ka faɗa min gaskiya mai ɗaci, jiya bayan Isha na sayi mariƙin mukayyif ɗin, yau na je Jidda na dawo wayar ko ɗumi ba ta yi ba. Shekara tara ban yi wannan tunanin ba, abin kunya.

Kuɗin dai na fasa turawa. Yaron zai zo da tasa, kuma dama ni zan kai su Madina, to shariharta za ta kwana a cikinta tun daga filin jirgin Jidda har mu je mu dawo. In 4G ya tsaya ana kira, zan saya, kuma zan riƙe wannan tsohuwar saboda su Absher kamar yadda Hajiya ta ce. In bai tsaya ba na haƙura, Maman Hanifa ta ci gari. Hajiya saƙonki ya isa, rabin farkon kawai na karanta mata, da ta karɓi wayar ta ga sauran sai ta ce ku 'yan Kwari dama ba ku taɓa hana mutum kashe kuɗi ba.

Ɗalibinmu na Madina, in mun shigo zan neme ka ka duba min lambobin nan da idonka, don ni in na buɗe ba gane su zan yi ba. Ina da STC, abokin aikina na da Mobily. Saura Zain. In akwai mai ita a wajen Sharar Mansur ko Misfala da zai ara min na yini ɗaya, ya yi min magana.