Kayye ko manhaja? Gardamar sakatarori da ma'ajin ƙungiyoyi a Damagaram

Sakataren matasa, Zango: Salamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi. Ni yau sai na faɗi abin da ke raina ko da za a ji haushi. Duk ƙungiyar da har yanzu take riƙe sunayen mambobinta da kuɗin kotizasiyo cikin kayye da bik wlh ba ta shirya ci gaba ba, ko asosiyasiyo ce ko ikilisiya ko kwamitin masallaci ko ONG. Akwai manhajoji da aka yi don wannan aikin kaɗai, ka saka sunan mutum sau ɗaya da lambarsa da unguwarsa, ita za ta nuna maka wa ya biya wa bai biya ba, wa ya daina zuwa taro, ta fiddo rasit, ƙarshen shekara ta haɗa rapor ba sai ka kwana da kalkuleta ba

Alhaji Ma'aji, Birni: Wa alaikumus salam. Ɗana, kayyen da kake rainawa tun ba a haife ka ba muke aiki da shi kuma ko dala ba ta taɓa salwanta a hannuna ba. Ka fara gaya mana nawa ake biyan abin naka

Sakataren matasa, Zango: Baba ba raini ba ne Allah ya huci zuciyarka. Wasu kyauta ne wasu kuma duk wata ake biya

Alhaji Ma'aji, Birni: Da wane kuɗi? Mambanmu 500F yake kawowa a wata, wani ma sai ka bi shi har Kasuwar Dole ka tsaya gaban shagonsa kana gaisuwa kamar kai ne mai laifin

Ɗalibar informatik: Baba ina wuni, ku yi haƙuri in sa baki don abin ba iri ɗaya ba ne. Akwai na haya irin su Planning Center da Breeze, 'yan Amurka ne suka yi su don majami'u, da Wild Apricot na Kanada da AssoConnect na Faransa don ƙungiyoyi, waɗannan sunayen mutanenku a kan kwamfutocin kamfanin suke zaune can waje, ku kuna shiga ta intanet ne kawai, kuma biyan da dalar Amurka ne ko euro, euro ɗaya kuwa kun sani 655F ne da 'yan kai. Sai kuma irin su CiviCRM da ChurchCRM, su ba a sayensu, kowa na iya ɗauka ya girka, amma sai kun samu wurin ajiya a intanet da kuma mutumin da zai riƙa kula da shi yana sabuntawa, to shi wannan mutumin da wurin ajiyar ba kyauta ba ne

Ɗalibar informatik: Kuma abin da Yaya Sakatare bai faɗa ba, daɗin manhajar a can shi ne mutum ya biya da katin banki daga ɗakinsa sunansa ya fito da kansa cewa ya biya. Mu nan waye zai biya kotizasiyo da kati? Airtel Money ne ko Moov Money ko a turo ta NITA ko Al Izza, mafi yawa ma hannu da hannu ranar taro. Kenan ko an sayi manhajar sai ma'aji ya zauna ya buga kowane 500F da yatsansa

Sakataren matasa, Zango: To ai ko hakan ne ya fi kayye ƙanwata, in ka buga sau ɗaya ka huta, jimla ba ta kuskure

Alhaji Ma'aji, Birni: Kun ji ko. Aiki biyu kenan, in rubuta a kayye ranar taro, in dawo gida in jira kuran in sake bugawa

Madam ONG, Sabon Gari: Ni ina bayan Sakatare amma ba duka ba. Mu da muke karɓar kuɗin masu tallafi ba mu da zaɓi, in suka ce ku ba mu adadin mata da maza, shekarunsu, ƙauye ƙauye, kafin jibi, ba za ka ɗauko kayye guda shida ka hau ƙirga ba. Na ga inda suna ɗaya ya fito sau uku saboda wannan ya rubuta shi da ou wancan da u wani kuma da laƙabi, aka yi ta rigima wai an ci kason mutum biyu alhali mace ɗaya ce. Manhaja in ka ɗaura kowa a kan lambar waya ko lambar kati tana kama irin wannan nan take

Ɗalibar informatik: In dai lambar tasa ce Anti. A ƙauye gida ɗaya waya ɗaya, mata huɗu su ba ka lambar maigida

Madam ONG, Sabon Gari: Hhhh wlh gaskiyarki, shi ya sa muke ba kowa lambar mamba tamu ta kanmu

Dattijon ikilisiya: Gaisuwa gare ku duka. Na daɗe ina karantawa ban ce komi ba don maganar ta taɓa ni ta gefe biyu. Kowa a nan ya san abin da ya faru a garin nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 da aka ƙona majami'u. A wurinmu benci da kwanon rufi an sake su daga baya, amma littafin baftisma da na aure da na haihuwa da dattawanmu suka fara rubutawa da hannunsu ya tafi, har yau in yaro ya zo neman takardar baftismarsa don zai yi aure a Maradi ko Yamai sai mu tara tsofaffi mu tambayi wa ya tuna shekarar. Da akwai kwafi a wani wuri da ba mu sha wannan wahalar ba, don haka Alhaji kada ka ce kayye ba ya ɓata

Dattijon ikilisiya: Amma ɗana Sakatare, kai ma ka saurare ni. Ranar da ka ce in tattara sunan kowane mai bi da unguwarsa da ƙofar gidansa da sunayen 'ya'yansa da makarantar da suke zuwa in zuba cikin waya ɗaya, ni gabana faɗuwa yake. Littafi sai mutum ya shigo ɗaki ya buɗe kabad, waya kuwa a kan kabu-kabu ma tana faɗuwa, kuma wanda ya tura wa mutum ɗaya ya tura wa gari

Alhaji Ma'aji, Birni: Allah kada ya maimaita mana irin wannan rana Dattijo, Allah ya zaunar da garinmu lafiya. Maganarka ta biyu ita nake nufi tun ɗazu

Dattijon ikilisiya: Amin Alhaji na gode. Amma ka ɗauki ta farkon ma, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi kawai

Sakataren matasa, Zango: Baba Dattijo ai akwai kalmar sirri, kuma kamfanonin nan manya ne suna da tsaro ba kamar wayata ba

Madam ONG, Sabon Gari: A nan kam ba na tare da kai ƙanena. Blackbaud babban kamfani ne na Amurka da ke riƙe wa jami'o'i da ƙungiyoyin agaji bayanan masu ba su gudummawa, a 2020 ɓarayin intanet suka shiga suka kwashe har kamfanin ya biya su kuɗin fansa. Kurwa Ruj ta duniya ma a Janairu 2022 ta sanar an kutsa cikin bayanan mutane fiye da 515,000, mutanen da yaƙi da hijira suka raba da danginsu fa. In waɗannan ya same su mu su wa? Kuma mutane ba su sani ba akwai doka a ƙasar nan kan bayanan mutane tun 2017, aka sake ta a 2022, akwai hukumar HAPDP a Yamai da aka ɗora wa aikin, addinin mutum da lafiyarsa suna cikin abubuwan da doka ta fi tsanantawa a kai. Ba wai ka ga fom da gurbi talatin ka ce dole sai ka cika duka ba

Sakataren matasa, Zango: To Anti sai mu zauna kenan kada mu taɓa komi don an taɓa yi wa wani sata? Banki ma ana fasawa ai

Madam ONG, Sabon Gari: Ban ce haka ba. Cewa na yi abin da ba ka buƙata kada ka rubuta. Kotizasiyo kake bi, suna da lamba da ranar biya sun ishe ka, ina ruwanka da ƙofar gida da sunan matarsa

Inna ta ƙungiyar mata, Garin Malam: Ɗiyata ke rubuta mini don ni ban yi boko ba. 'Ya'yana na ji duk abin da kuka ce. Mu Mata Masu Dubara, wato ƙungiyoyin asusu na mata, tun 1991 aka fara a ƙasar nan wajen Maradi, lokacin yawancin matan ko harafi ba su sani ba, amma kuɗi bai ɓace ba. Akwatinmu kwado uku ne, makulli uku hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ranar zubi a tsakiyar tabarma ake buɗewa, kowace ta ajiye nata ana gani, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi a faɗi jimla kowa ya ji, sati mai zuwa kafin a buɗe sai a tambaya nawa muka rufe da shi, a amsa baki ɗaya. To ni tambayata ɗaya ce ɗana Sakatare, abin nan naka makulli nawa gare shi kuma hannun wa suke?

Alhaji Ma'aji, Birni: Allah ya ja da ranki Inna, kin gama magana

Sakataren matasa, Zango: Inna ina gaisuwa. Ana iya ba mutane da yawa izini, kowa da nasa matsayin, ma'aji ya ga kuɗi, sakatare ya ga sunaye, shugaba ya ga duka amma ba zai iya gogewa ba, kuma wasu manhajojin suna ajiye tarihin wa ya canza mi da wane lokaci, abin da kayye ba ya yi, a kayye mutum ya sa bilanko ya shafe shi kenan

Ɗalibar informatik: Wannan gaskiya ne ana iyawa, amma Yaya tsakaninka da Allah a ƙungiyarku mutum nawa suka san kalmar sirrin?

Sakataren matasa, Zango: A yanzu ni ne, don sauran ba su damu su koya ba

Inna ta ƙungiyar mata, Garin Malam: To ka ji

Madam ONG, Sabon Gari: Abin da ya kashe wata ƙungiya da na taɓa yi wa aiki kenan. Yaro mai kirki ne ba ɓarawo ba, shi ya buɗe komi da imel ɗinsa da lambarsa, ya samu hanyar Agadas ya tafi neman kuɗi, layin ya mutu, lambar tabbatarwa kuma can take zuwa, sunaye da lissafin shekaru suna nan a intanet muna ganin ƙofar ba mu iya shiga, sai tsohon kayyen ma'aji aka koma aka kakkaɓe

Alhaji Ma'aji, Birni: Ga kuma kuran. Kun manta watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta bayan juyin mulki har aka shiga 2024? Lokacin waya ma sai ka kai shago a yi maka sharji da janareto, rezo ya zo ya tafi. Ni taronmu bai fasa ba ko sau ɗaya, fitilar hannu da kayye

Sakataren matasa, Zango: Baba yanzu panno ya cika gari, ƙaramin guda ya isa waya da ordinate

Ɗalibar informatik: Matsalar ba sharji kaɗai ba ce, na hayar nan yawancinsu in babu rezo ba ka ganin komi. Da ni za a tambaya, ƙungiya mai mutum ɗari ko ɗari biyu Excel ya ishe ta, a ajiye kwafi a kile USB biyu gida biyu, duk wata uku a buga a takarda shugaba da ma'aji su sa hannu. Masu shiga ƙauye kuma KoboToolbox, shi kana cika fom a waya ba rezo in ka dawo gari ka tura, ONG da yawa da shi suke aiki. Manya masu rassa a Mirriya da Magariya da Matamai su ne za su ci ribar CiviCRM in suna da mai kula da shi

Sakataren matasa, Zango: Excel ai ba manhajar mambobi ba ce, ba ya tura wa mutum saƙo ya tuna masa bashi

Alhaji Ma'aji, Birni: Saƙo? Ɗana mutumin da na je har shagonsa na zauna na sha shayinsa bai biya ba, shi ne saƙo zai sa ya biya?

Dattijon ikilisiya: Ni abin da zan kai wa kwamitinmu ranar Lahadi, littafin baftisma da na aure a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye kwafi a wani gari, wannan na yarda. Jerin gidajen mutane kuwa ba zai shiga waya ba muddin ina cikin kwamitin. Ɗiyata in kina da lokaci ki zo ki nuna wa yaranmu yadda ake kulle fayil

Ɗalibar informatik: To Baba in sha Allah bayan jarabawa, amma ku zo da mutum biyu ko uku ba ɗaya ba

Sakataren matasa, Zango: Ni dai ban janye ba, nan da 'yan shekaru duk wanda zai ba ku tallafi sai ya ce ku nuna masa a allo. Asabar in mun haɗu zan zo da ordinate in nuna muku ku gani da idonku

Alhaji Ma'aji, Birni: Ka zo da shi, ni ma zan zo da kayyena, a zaɓi sunan mutum goma a ga wa zai riga fiddo bashinsu. Amma forfen intanet ɗin daga aljihunka, ba daga kes ba

Inna ta ƙungiyar mata, Garin Malam: Asabar muna da zubi da la'asar, in da safe ne zan turo ɗiyata