Hatimin Tela da Tara Mai Komawa Gida

Telan Misfala:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i shago ya yi tsit, na ɗauki allin ɗinki na zana wannan a bayan kwalin yadi:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Da sunan Allah zan fara,
Gida tara ne na zana su,
Ka tara tsaye, ka tara kwance,
Sha biyar ne, ba ƙari ba saura.

Na koma kan tara ita kanta,
Sha takwas: ɗaya da takwas ka haɗa,
Ashirin da bakwai: biyu da bakwai,
Duk inda ta je sai ta dawo tara.

Direban Jidda:
Tela, ina rigar sallata?
Wata biyu ke nan tana kan ƙusa,
Kana can kana zanen gidan dara,
Tsatsa ta cinye maka allura.

Telan Misfala:
Rigarka na nan, an goge ta,
Riyal arba'in ne ya tsare ta,
Mai kasa ƙirga canjin fasinja,
Ina shi ina hisabin tara?

Gwaggon Jarwal:
Ayyururui! Allah ya yi maka albarka ɗana Tela. Direba, nemi ruwa ka sha, mutanen Makka ba a ja da mu.

Ɗalibin Madina:
Abin da ka zana hatimi ne,
Wafaƙi Larabawa ke ce masa,
Biyu, huɗu, shida, takwas a kusurwa,
Buduhu ke nan in ka lura.

A hisabin abajada, inda kowane harafin Larabci ke da lambarsa, harafin ba 2 ne, dal 4, wau 6, ha 8: haruffan Buduhu ke nan. Kuma Malam Tela, ka taka sawun naka ne. Muhammadu al-Katsinawi ya baro Katsina ya zo hajji ƙasar nan, a 1732 ya yi rubutu kan yadda ake gina hatimai masu gefen mara, irin 3 da 5 da 7. A Alƙahira ya rasu, 1741. Allah ya jiƙansa.

Mai Aruli:
Akaramakallahu, ilimi ya yi, amma ɗangonka na uku gurgu ne. Gaɓa 12 na ƙirga, na farko kuwa 10.

Ɗalibin Madina:
Wa ya ce maka gaɓa ake ƙirgawa? Halilu, wanda ya tsara aruli, ilimin awon waƙar Larabci, nauyin gaɓa ya auna, doguwa da gajeriya. Gajeru sun yi yawa a ɗangon, shi ya sa.

Mai Aruli:
To faɗa mana bahrin, wato karin da ka ɗora waƙar a kai. Rajaz ne ko Mutaƙarab? Rera shi mu ji in harshe bai yi tuntuɓe ba.

Direban Jidda:
Gaskiyarka Mai Aruli! Shi ma Tela baitinsa na biyu ɗingishi yake.

Gwaggon Jarwal:
Kai da ka sa "ƙusa" a tsakiyar waƙa? Bar yaro ya yi abinsa.

Mai Aruli:
Gwaggo, ba faɗa nake ba, kari amana ne.

Telan Misfala (bayan kwana uku):
Ku yi haƙuri, aikin masu umara ya danne ni. Wani ya tambaye ni a asirce ko tsibbu na fara. Wallahi lissafi ne zalla, daɗinsa ne ya kama ni. Malam, na gina mai gefe biyar, ko'ina 65.

Na bar muku kari ku yi ta awo,
Ni dai barci ya ƙaurace mini,
Gida sha shida ya ƙi ni sarai,
Cika ta fi ƙarfina, na iya mara.

Talatin da huɗu na samu a kwance,
Tsaye ma ta fito ba gardama,
Kusurwa ce ta ƙi daidaita,
Malam, ina zan gyara?

Ɗalibin Madina:
Jera 1 zuwa 16 a bi da bi, layi huɗu. Lambobi takwas da ke kan karkatattun layukan nan biyu, kowace ka cire ta daga 17 ka rubuta abin da ya rage: 1 ta zama 16, 6 ta zama 11. Sauran kar ka taɓa. In kuma ka kai mai gefe tara, jimlarsa 369 ce.

Telan Misfala:
Uku da shida da tara, sha takwas. Ɗaya da takwas... Allahu Akbar! Bari in nemo babban kwali.